Sallamar da Malam Ya Bari a Kwamfuta

Asabar, 4 ga Satumba 2004, bayan la'asar

Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Gidan ya rage daga ni sai Gwaggo, ƙanwar mahaifin mijina Malam, wadda ta raine shi a Zurmi. Ta zo nan Ƙaura taya ni zaman takaba. Taya zama dai, ban da taya hira. In ta buɗe baki doka ce za ta fito: kada ki leƙa zaure, kada ki taɓa kwalli, sassauta muryarki. Madubina ma ta ɗauke ta ɓoye. Ta ba ni wata 'yar wuƙa wai mai takaba ba ta rabuwa da ita. Na ce mata tun da aka fara shari'a malamai suke faɗa a rediyo babu wannan a littafi. Ta ce, "Malamman ga na yanzu, ni na riga su yin takaba."

Tun da ba a son jin muryata, sai na ɗauko ragowar littafin da nake shirya darasin 'yan aji huɗu. Takarda ba ta cewa a sassauta.

Lahadi, da hantsi

Ba na son Lahadi.

Litinin, 6 ga Satumba, bayan azahar

Bari in rubuta maganar kwamfutar, ko ta bar cina.

Malam malamin dabbobi ne. Bara ya sayo laftof ta hannu, yana buga rahoton allurar shanu da ita. Kowace kwamfuta in an kunna ta akwai ɗan kiɗan da take yi kafin ta buɗe. Shi sai ya cire kiɗan ya ɗauki muryarsa ya sa a wurin. Da an kunna sai ka ji: "Salamu alaikum, masu gida. Rahma, kin tashi lahiya?" Ya yi ta dariya ranar kamar wanda ya ƙera jirgi. Ni kuwa tsaki na yi. Na ce mutum yana zaune kusa da ni ya sa ƙarfe ya gaishe ni, wannan ai shirme ne. Kullum da safe sai ta yi sallamar nan, kullum sai na yi tsaki. Ban taɓa amsawa ba.

Makon jiya Gwaggo tana barcin rana na jona ta na kunna. Batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Tana cikin tashi, saura ƙiris ta yi magana, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita na sake kunnawa, sai baƙin allo da layi biyu na Turanci, wai wani fayil ya ɓata ko ya lalace. Na kashe na kunna, na kashe na kunna. Layi biyun nan dai.

Ba mu da hoton da ya yi kama da shi sosai. Kuma kafin labari ya iso ni an riga an kai shi, can Zurmi. Muryar nan ce kawai.

Laraba, kafin magariba

Yaya Usmanu, wan Malam, ya zo. A zaure ya zauna, Gwaggo ta fita wurinsa, ni kuma na jingina da bango ina ji. Ya ce yana son a gama rabon gado kafin azumi, a gaban wakilin alƙali, kada kowa ya kwana da haƙƙin kowa. Ya ce babur da kwamfuta sayarwa za a yi, ya ma samu mai son kwamfutar a Gusau. Kafin nan ko allura kada ta fita daga gidan.

Ba mugu ba ne. Da ya zo kan maganar babur sai na ji yana ta maimaita innalillahi. Babur ɗin yana nan a zaure yadda aka dawo da shi daga hanyar Gurbin Bore, inda ajali ya riski Malam ranar Lahadi, lakar ta bushe a jikin tayoyin. Ba wanda ya yi ƙarfin halin wanke shi.

Na san rabona ba zai kai in ce a bar min ita ba. Kuma duk wanda ya saya, farkon abin da zai yi shi ne ya share komai.

Alhamis, da safe

Ba a kawo wuta ba. Na wanke kofin Malam, alhali ba wanda ya sha komai a ciki.

Jumma'a, 10 ga Satumba, bayan sallah

Murtala ya biyo ya sake yi mana gaisuwa. Abokin Malam ne, yana da shagon buga takardu a Shinkafi, kuma duk Jumma'a yakan ratsa ta Ƙaura zuwa Gusau sayen tawada da takarda. Shi ya koya wa Malam kwamfuta.

Na ce wa Gwaggo ta faɗa masa ta lalace. Ta ce ina ruwan mai takaba da kayan Nasara. Sai na ce mata ai kayan gado ne, in mai saye ya zo ya tarar da ita a mace, mu za a ce mun kashe ta. Nan ta miƙe. Ban faɗa mata maganar muryar ba. Ba ta taɓa ji ba, kuma ban san yadda za ta ɗauka ba.

Ga yadda abin ya tsaya: Murtala ba zai shigo ba, kwamfuta ba za ta fita ba, ni ba zan leƙa zaure ba, kuma ba zan ɗaga murya ba. Ya ce Windos ɗin ce ta karye, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, sai an sake ɗora wata daga faifan sidi, zai zo da shi mako mai zuwa. Ni zan danna, shi zai faɗa, Gwaggo ta yi jigila a tsakani.

Da zai tafi ya aiko ta da saƙo. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ya ce in gaya miki ya san abin da kika nema, kuma shina nan ciki in Allah ya so. Mi kika nema?"

Na ce takardun aiki.

Lahadi, da rana

Ruwa tun safe. Na rufe taga don kada in ji.

Talata, bayan la'asar

Na ƙudura abin da zan yi. In ta tashi ta yi magana, zan kanga rikoda a bakinta in ɗauka a kaset, sai su tafi da ƙarfensu. Kaset ɗin da babu komai a ciki ba ni da shi, kuma ba ni da ɗan aike. Amma akwai wani na kiɗan gargajiya da Malam ya tura ƙasan akwati tun lokacin da aka fara kama masu sayar da irinsu. Yakan kunna shi ƙasa-ƙasa yana kaɗa babban yatsan ƙafa. Na saurare shi sau ɗaya yau, a kunne, don sallama. Sannan na yanki takarda da wuƙar Gwaggo na toshe 'yan ramukan bayansa don ya karɓi ɗauka. Ga amfanin wuƙar takaba na gani.

Jumma'a, 17 ga Satumba, da yamma

Yau na yi dariya, na farko tun ranar. Sai kuma na ji kunya.

Murtala ya iso da hantsi, Allah ya taimaka da wuta. Gwaggo ta kawo faifan a kan tafin hannu biyu kamar ƙwai. Na sa, na kunna, layi biyun nan suka sake fitowa. Ta je ta dawo.

"Ya ce ba ta san da hwaihwan ba. Ki kashe ki kunna, ki yi ta bugun maɓallin af biyu kamar mai ƙwanƙwasa ƙohwa."

Na yi. Wani allo ya fito da ban taɓa gani ba. Da ƙyar muka sa ta fara duba faifai kafin ta duba cikinta. Kowace kalma sai Gwaggo ta ɗauke ta daga ɗaki ta ratsa tsakar gida ta kai zaure, kafin ta isa rabinta ya zube a hanya. Na ce ki ce masa ta rubuta "Setup". Ina ji ta isa ta ce, "Ta ce wai sai ta tahi." Murtala ya ce, "Ina za ta, Gwaggo?"

Daga baya allon ya zama shuɗi. Na danna maɓallin Enta, sannan na af takwas. Murtala ya so a yi gyara kawai, amma kwamfutar ba ta ba da wannan zaɓin ba, wai tsohuwar ta lalace da yawa. Sai dai sabuwa. Gwaggo ta dawo da sauri har tana haki.

"Ya ce ki saurara da kyau. In kin ga inda anka rubuta homat, kada ki taɓa, wanga shi ka share komi. Ki zaɓi na ƙasa, wanda ka barin kaya yadda suke. Ya ce in maimaita miki sau ukku."

Ta kuwa maimaita sau uku, tana nuna ni da yatsa.

Na sauko da layin kan na ƙasa, ina shirin dannawa, fanka ta tsaya. Allo ya mutu.

Murtala ya jira wuta har aka kira sallah. Ya bar faifan, ya ce in an kawo wuta in bi yadda muka bi, in na ga abin da ban gane ba in tsaya.

Asabar

Ba wuta.

Lahadi

Ba wuta. An soma yankan gero a bayan gari, ina jin amalanke na wucewa. Malam yakan ce ƙanshin sabon gero ya fi turare. Ni ban taɓa jin wani ƙanshi ba, na faɗa masa kuwa.

Litinin, 20 ga Satumba, bayan azahar

An kawo da hantsi. Na bi hanyar ni kaɗai, na tsallake fomat, na zaɓi na ƙasa. Sai ga wani allo da Murtala bai ambata ba. Turanci mai yawa. Na ɗauko ƙamus ɗin Malam na bi shi kalma-kalma. Abin da take cewa shi ne, akwai tsohuwar Windos a ma'ajiyar da za ta sauka. In na danna L za ta goge tsohuwar ta zauna a wurinta, kuma abin da aka ajiye yana iya tafiya. In na danna Esc sai in ba ta wani wuri dabam.

Ban san inda Malam ya ajiye muryar ba. Mutumin da ke ajiye makulli a cikin takalmi, wa ya san inda zai sa fayil?

An ce in tsaya in ban gane ba. To in tsaya har Jumma'a, da wace wutar? Na zauna hannuna a cinya ina kallon fanka, ko za ta rage gudu. Ba wanda zan tambaya. Da can in abu ya ɗaure min kai sai in ce "Malam" ba tare da na waiwaya ba. Yau saura kaɗan in faɗa.

Na yi bisimilla na danna Esc. Ta nemi sunan sabon wuri, na rubuta SABO. Ta karɓa.

Ta kama kwashe fayiloli, layin rawaya yana tafiya, ya kai wajen rabi ya tsaya, wai ta kasa karanta wani. Na fito da faifan, duk zane ne a bayansa. Na huce shi da baki na goge da gefen ɗankwali, na mayar. Ta wuce. Ta sake tsayawa, na sake gogewa. Haka muka yi ta yi, kamar mai lallashin jaki a kan gada.

Litinin ɗin dai, kafin magariba

Kwamfutar ta tambayi sunan mai ita.

Shekara uku da aure ban taɓa kiran sunansa ba. Ba a yi a gidanmu, kuma bakina bai saba ba. Ya sha tsokanata, wai in faɗa sau ɗaya ya ji ko na iya. Sai in ce ya je ya tambayi masu shanu, su ke kiransa. Na so in rubuta Malam. Na so in rubuta nawa. Can na sa yatsa ɗaya na rubuta Armiya'u, na zauna ina kallonsa a cikin ɗan akwatin.

Bayan nan ta nemi lambar sirri, wadda ke manne a ƙarƙashinta. Ba halin kifa ta, bakin cajar sako-sako ne, da ta motsa sai ta mutu. Na roƙi Gwaggo madubina. Ta yi min kallon tuhuma, amma ta kawo. Na ɗan ɗaga gefe na zura shi, na kwafe haruffan a juye, sau biyu tana ƙi kafin na gane wani takwas ɗin B ne.

Da zan mayar na ga fuskata. Ban daɗe ina kallo ba.

Talata, da hantsi

Ta tashi. Tudu kore, sama shuɗiya, kamar ba ita ba. Shiru ta buɗe, ba kiɗa ba sallama.

Na shiga ina bincike ma'ajiya bayan ma'ajiya. Rahotannin shanunsa suna nan, Katuru, Kasuwar Daji, duk inda ya taka. Can cikin tsohuwar Windos ɗin, wadda L za ta goge, na ga wani ɗan fayil mai suna sallama. 

Na danna. Wani ɗan akwati ya buɗe, layi ya kama tafiya daga hagu zuwa dama, ya kai ƙarshe ya tsaya. Ba sauti. Na ƙure ƙara, na kanga kunne a jikinta. Yana magana, ina ganin tsawon maganar da idona, ba na jin komai.

Na danna ya fi a ƙirga. Wannan ya fi baƙin allon ciwo.

Jumma'a, 24 ga Satumba, bayan la'asar

Murtala bai zo ba. Na yi ta kasa kunne ga zaure, har kazar maƙwabta na ɗauka sallama ce.

Lahadi

Gwaggo ta ce ba na cin abinci. Ita ma ba ta ci, na ga kwanonta.

Jumma'a, 1 ga Oktoba, bayan sallah

Murtala ya zo. Wancan makon mahaifiyarsa ce ba lafiya. Gwaggo ta kai masa bayani ta dawo.

"Ya ce kin yi ƙoƙari, ko shi haka za ya yi. Ya ce bakinta na ba a buɗe ba. Akwai wani hwaihwai ƙarami da taz zo da shi, shi ka sa ta magana. Shina cikin aljihun jakarta."

Jakarta.

Ranar Lahadin nan da jakar kwamfutar Malam ya fita, ya zuba kayan allura a ciki, wai ita ruwa ba ya shiga ta. An dawo da ita tare da babur. Tana rataye a bayan ƙofa, na fi wata ina kauce mata da ido.

Yaya Usmanu kuma ya aiko, ranar Litinin zai zo da mai saye.

Asabar, da rana

Na buɗe. Warin maganin shanu da na laka. Sirinji, kwalabe biyu, hular sanyinsa. Da rabin goro da ya gutsura ya ajiye, ya bushe da shatin haƙoransa a jiki.

Faifan yana aljihun ciki. Takardar da ke rufe da shi ta jiƙe ta bushe ta manne. Na ɓamɓare a hankali na goge.

Goron na ƙulle shi a bakin zane. Wannan ba ya cikin gado.

Ba wuta.

Lahadi, bayan la'asar

Ba wuta. Na sa sababbin batura a rikoda, na ajiye kaset a ciki, na jera komai a kan tabarma. Ya Allah, ko na awa ɗaya.

Litinin, 4 ga Oktoba, bayan magariba

Sun zo bayan la'asar sun ɗauke ta. Mai sayen ya kunna a zaure ya ce lafiyarta ƙalau. Wurin da take a kan tebur ya bar shati a ƙura. Bari in rubuta abin da ya faru kafin su zo.

Wuta ta zo gab da azahar. Na sa ƙaramin faifan, na bi abin da take cewa, gaba, gaba, gaba. Ta ce sai ta kashe kanta ta sake tashi. Na ƙyale ta. Da ta buɗe sai ta yi kiɗan nan nasu na kamfani, garau. Ban taɓa jin haushin sauti da farin cikinsa a lokaci ɗaya ba sai yau.

Na kanga rikoda a bakin lasifikar. Rikodar tsohuwa ce, ba ta ji sosai, don haka na ƙure ƙarar kwamfutar har ƙarshe. Ban yi tunanin tsakar gida ba. Gwaggo tana can tana tankaɗen garin tuwo. Na danna jan maɓalli, na danna fayil.

"Salamu alaikum, masu gida."

Kafin ya kai ga sunana na ji daga waje, da ƙarfi, da muryar da ban taɓa jin Gwaggo da ita ba: "Wa alaikumus salam! Shigo mana, Armiya, ina ka—"

Sai ƙarar kwano a ƙasa.

Ban motsa ba. Kaset yana ta juyawa yana ɗaukar shiru. Can ta ɗaga labule, hannuwanta fari fat da gari, ta dubi bayan ƙofa, ta dubi gado, sannan ta dubi kwamfutar. Na jira faɗa. Na ma shirya abin da zan ce.

Ta zauna a bakin tabarma, wurin da ba ta taɓa zama ba. Ta ce, "Su ne takardun aikin?"

Na ce su ne.

Ta goge hannu a zane, ta daɗe tana gogewa. Ta ce, "Shina sake yi in anka taɓa?"

Na ce yana yi.

"To taɓa."

Ban tsayar da rikodar ba. Na danna. Ya yi sallama, Gwaggo ta amsa masa a hankali, cikakkiya har wa barakatuhu. Sannan ya ce, "Rahma, kin tashi lahiya?"

Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni da ƙyar na ji. Na ce lafiya lau.

Gwaggo ta dafa gwiwata da hannunta mai gari. Ta ce, "Sake taɓawa. Ki ɗaga muryarki, ɗiyata, bai jiya ba."